Cin Gida a Wasan Hokin Ƙanƙara: Wa Ake Rubuta wa Ci?

Gabatarwa

Duk mai sha'awar ƙwallon ƙafa ya san abin da ake kira cin gida, wato ɗan wasa ya zura ƙwallo a ragar ƙungiyarsa bisa kuskure. Idan haka ta faru, akan ba abokan karawa ci, sa'an nan a rubuta sunan wanda ya yi kuskuren tare da alamar da ke nuna cewa gida ya ci. Wannan al'ada ta zauna a zukatan mutane har wasu na zaton haka abin yake a kowane wasa. To amma akwai wasan da littafinsa ba shi da gurbin cin gida sam, shi ne wasan hokin ƙanƙara, wanda ake yi a ƙasashe masu tsananin sanyi irin su Kanada da Amurka da Rasha da Suwidin da Finlan. A wannan wasa ɗan wasa yakan jefa wa ragarsa, kamar yadda ake yi a ko'ina, sai dai sunan wani dabam ake rubutawa.

Wannan maƙala za ta yi bayanin ƙa'idar da ake bi wajen zaɓen wanda za a rubuta wa irin wannan ci, da dalilan da suka sa ta dace da wasan, musamman ta fuskar yadda jikin ɗan'adam ke aiki. Daga nan za ta kawo misalai daga tarihin wasan, ta kuma nuna darasin da ɗalibin kimiyya zai ɗauka game da ƙirga da ajiye bayanai.

Yadda Wasan Yake

A birnin Montreal na ƙasar Kanada aka fara yin wannan wasa a cikin rufaffen fili bisa tsari, ranar 3 ga Maris, 1875. A shekarar 1908 aka kafa hukumar wasan ta duniya a birnin Faris, sa'an nan a 1917 aka kafa gasar ƙwararru ta Arewacin Amurka da ake kira NHL, wadda ita ce mafi girma a duniya, mai ƙungiyoyi 32 a Kanada da Amurka. Kofin da ake ba zakaran wannan gasa shi ne Kofin Stanley. Misalan da za a kawo nan gaba daga wannan gasa suke.

Filin wasan daskararren ruwa ne mai santsi, tsawonsa kimanin mita 61, faɗinsa kimanin mita 26, an kuma kewaye shi da katanga ta yadda abin da ake bugawa ba ya fita gefe sai nadiran. 'Yan wasa na sa takalma masu siririn ƙarfe a ƙarƙashinsu kamar bakin wuƙa, da su suke sulɓi a kan ƙanƙara. Kowace ƙungiya tana da mutum 6 a fili: gola 1, 'yan baya 2, 'yan gaba 3. Ana yin wasan zagaye 3, kowane zagaye minti 20. Saboda tsananin gajiya, ɗan wasa ba ya yawan wuce minti ɗaya a fili kafin ya koma benci wani ya maye gurbinsa, kuma akan yi wannan sauyi ana tsakiyar wasa ba tare da an tsaya ba.

Abin da ake bugawa faifai ne na baƙar roba mai tauri, a madadin ƙwallo. Faɗinsa santimita 7.6, kaurinsa santimita 2.5, nauyinsa tsakanin giram 156 da 170. Akan sa shi a firji ya daskare kafin wasa domin ya rage tsalle. Ana tura shi da sanda mai lanƙwasa a baki. Ragar kuwa ƙarama ce, faɗinta mita 1.83, tsayinta mita 1.22, kuma akwai fili a bayanta inda ake ci gaba da wasa. An yi ci idan faifan ya tsallake jan layin da ke bakin raga baki ɗayansa.

Yadda Ake Raba Maki

Aikin alƙalin wasa shi ne ya tabbatar an yi ci ko ba a yi ba. Amma zaɓen sunan da za a rubuta aikin wani jami'i ne da ke zaune a wajen fili, wato magatakardan wasa. A yau yana da damar sake kallon hoton bidiyo, kuma idan ya gano kuskure ana iya gyara sunan ko da bayan an tashi wasa.

A kowane ci magatakarda na iya rubuta sunaye har 3: wanda ya ci, da mutum ɗaya ko biyu daga abokansa da suka taɓa faifan kafin ya kai gare shi, muddin abokan karawa ba su mallaki faifan a tsakani ba. Wannan na biyun shi ake kira taimako. Ci maki 1 ne, taimako ma maki 1 ne, kuma jimillar biyun ita ce makin ɗan wasa. Da waɗannan alkaluma ake ba da kyaututtukan ƙarshen shekara, da su kuma ake ciniki a lokacin sabunta kwantiragi. Domin a ga muhimmancin taimako, a dubi Wayne Gretzky, wanda ya bar wasa a 1999 da ci 894 da taimako 1,963, jimilla maki 2,857. Taimakonsa kaɗai ya fi jimillar makin kowane ɗan wasa a tarihin gasar. Yawan cinsa kuwa sai a watan Afrilu na 2025 Alexander Ovechkin ya zarce shi. Ke nan batun wa za a rubuta wa ci ba ƙaramin al'amari ba ne ga mai cin abinci da wasan.

Ƙa'idar Cin Gida

Ƙa'idar a taƙaice ita ce: idan ɗan wasa ya jefa faifai a ragar ƙungiyarsa, ci ya tabbata, kuma ana rubuta shi da sunan ɗan wasan ɗaya ƙungiyar wanda ya taɓa faifan a ƙarshe. Ba a la'akari da nisansa da raga, ko da abin da ya yi nufi lokacin da ya taɓa faifan, ko ma yana cikin fili ko ya riga ya fita. Sunan wanda ya yi kuskuren ba ya fitowa a jerin waɗanda suka ci.

Akwai yanayi biyu da ya kamata a bambance. Na farko shi ne inda ɗan gaba ya buga faifai, ya bugi ƙafa ko sanda ko jikin ɗan bayan abokan karawa, ya karkace ya shiga raga. A nan ɗan bayan bai mallaki faifan ba, karo kawai suka yi. Saboda haka ana rubuta wa wanda ya buga ci, ana kuma ba waɗanda suka miƙa masa taimako kamar kullum.

Na biyu shi ne inda ɗan wasa ya riga ya karɓi faifan, yana ƙarƙashin ikonsa, sa'an nan shi da kansa ya tura shi ragarsu. A nan ma ana rubuta ci da sunan abokin karawar da ya taɓa faifan a ƙarshe, amma ba a ba kowa taimako. Dalili shi ne mallakar faifan ta riga ta koma hannun ɗaya ɓangaren, don haka igiyar da ta haɗa masu miƙawa da cin ta tsinke.

Kada mai karatu ya ɗauka ƙungiyar da ta ci gida ta tsira daga lissafi. Ana ɗora cin a kan golanta idan yana cikin raga. Har wa yau akwai wani lissafi na ƙari da ragi, inda ake rage maki 1 ga duk ɗan wasan da ke fili lokacin da aka ci ƙungiyarsa alhali adadin 'yan wasa daidai yake. Wanda ya yi kuskuren da abokansa 4 duk ragi ɗaya suke samu, ba a ware shi da wata alama.

Abin da Ido da Jijiya Ke Iya Yi

Me ya sa wasan bai damu da ɗora laifi a kan ɗan bayan da faifai ya buga ba? Ana samun babban ɓangare na amsar a ilmin halittu, a cikin abin da ake kira lokacin martani, wato tsawon lokacin da ke tsakanin ganin abu da motsa jiki saboda shi.

Idan faifai ya taso, hasken da ya fito daga gare shi yana shiga ido ya faɗa kan tantanin da ke bayan ƙwayar ido. A nan ƙwayoyin halitta masu jin haske suke mayar da shi saƙon lantarki. Jijiyar gani ta ɗauki saƙon zuwa ƙwaƙwalwa, can wajen ƙeya, inda ake fassara shi. Daga nan sashen da ke sarrafa motsi ya aika umarni ta cikin laka zuwa jijiyoyin hannu ko na ƙafa, sa'an nan tsoka ta taƙure, gaɓa ta motsa. Kowane mataki yana cin lokaci. Masanin nan na ƙasar Jamus, Hermann von Helmholtz, shi ne ya fara auna gudun saƙo a cikin jijiya a shekarar 1850, inda ya yi amfani da jijiyar ƙafar kwaɗo, ya sami kimanin mita 30 a sakan ɗaya. Jijiyoyin ɗan'adam mafi sauri suna kai wa kimanin mita 120 a sakan. Amma mafi yawan jinkirin yana faruwa ne a ido da ƙwaƙwalwa, inda saƙon ke tsallaka mahaɗai da yawa daga wata ƙwayar jijiya zuwa wata. Idan aka haɗa duka, lafiyayyen matashi yana buƙatar kimanin kashi 1 cikin 5 na sakan, wato sakan 0.2, kafin ya fara motsi saboda abin da ya gani. Idan kuma sai ya zaɓa tsakanin hagu da dama, lokacin yakan ƙaru.

Yanzu a kwatanta wannan da gudun faifai. A shekarar 2012, a gasar gwada ƙarfin bugu ta NHL, an auna bugun Zdeno Chara ya kai kilomita 175 a awa. A ɗauki bugun da bai kai wannan ba, mai gudun kilomita 144 a awa. Idan aka raba mita 144,000 da sakan 3,600 da ke cikin awa ɗaya, za a sami mita 40 a sakan. A cikin sakan 0.2, irin wannan faifai ya ci mita 8. Wato ɗan bayan da ke tsaye mita 6 daga mai bugu, faifan zai iske shi cikin sakan 0.15, tun kafin umarnin ƙwaƙwalwarsa ya kai ga tsokarsa. Duk inda faifan ya karkata bayan ya buge shi, ba shi ya zaɓa ba.

Haka abin yake ga gola. Idan an bugo daga nisan mita 18, yana da sakan 0.45, wanda ya ishe shi ya gani ya kuma tare. Amma idan faifan ya bugi takalmin wani a mita 3 daga raga ya sauya hanya, abin da ya rage masa bai kai sakan 0.1 ba. Babu wani horo da zai sa jijiya ta cike wannan giɓi. Abin da ƙwararren gola ke yi shi ne ya karanci motsin mai bugu ya yi hasashe, ya tsaya inda jikinsa zai toshe mafi yawan raga.

Bugu da ƙari, yanayin filin yana ƙara yawan irin wannan karo. Saman ƙanƙara yana da santsi ƙwarai, saboda haka faifai yana iya tafiya daga wannan ƙarshen fili zuwa wancan ba tare da ya tsaya ba. Katangar da ke kewaye tana dawo da shi cikin wasa. Gaban raga kuwa wuri ne ƙanƙane da mutane da yawa ke cunkusuwa da sanduna da takalma. A irin wannan hali ci ta hanyar karo abu ne na yau da kullum. Da za a ce kowane faifan da ya taɓa ɗan baya kafin ya shiga raga cin gida ne, da littafin ya cika da sunayen mutanen da ba su aikata komai ba illa tsayuwa a wurin aikinsu.

Misali na Farko: Edmonton, 1986

Ranar 30 ga Afrilu, 1986, ƙungiyar Edmonton Oilers ta karɓi baƙuncin maƙwabciyarta Calgary Flames. Ƙungiyoyin biyu duk a lardin Alberta na Kanada suke, kuma wannan shi ne karo na 7 kuma na ƙarshe a tsakaninsu, duk wanda ya faɗi ya fita daga neman kofi. Edmonton ce ta ɗauki Kofin Stanley a 1984 da 1985, tana neman na uku a jere. A zagaye na 3 ana kunnen doki 2 da 2, sai ɗan wasan Calgary mai suna Perry Berezan ya tura faifai can cikin ɓangaren Edmonton, ya juya ya nufi benci domin a canje shi. Ɗan bayan Edmonton, Steve Smith, wanda a ranar ya cika shekara 23, ya ɗauki faifan a bayan ragarsu, ya yi nufin miƙa shi gaba. Faifan ya bugi ƙafar golansu, Grant Fuhr, ya koma cikin raga. Da wannan ci Calgary ta yi nasara 3 da 2.

Wannan yanayi na biyu ne, domin faifan yana ƙarƙashin ikon Smith. Magatakarda ya duba wa ya taɓa shi a ƙarshe daga 'yan Calgary, ya sami Berezan, ya rubuta masa ci ba tare da taimako ba. Wanda zai karanta takardar wasan kurum ba zai san abin da ya faru ba. Duk da haka mutanen Kanada ba su manta ba, har yau sunan Smith suke ambata idan an tuna da wannan dare. A shekarar da ta biyo baya, 1987, Edmonton ta sake ɗaukar kofin, kuma kyaftin ɗinta Wayne Gretzky ya fara miƙa shi ga Steve Smith kafin kowa.

Irin haka ta sake faruwa ranar 6 ga Yuni, 2007, a wasan ƙarshe na neman kofi tsakanin Anaheim Ducks da Ottawa Senators. Ɗan bayan Ottawa, Chris Phillips, yana fitowa da faifai daga bayan ragarsu, sai faifan ya sarƙe a takalman golansu, Ray Emery, ya shiga raga. Aka rubuta wa Travis Moen na Anaheim. Anaheim ta ci wasan 6 da 2, kuma a lissafin gasar wannan ci shi ne wanda ya ba ta kofin.

Misali na Biyu: Golan da Ya Ci Bai Buga Ba

Domin fahimtar misali na gaba, sai an san wata doka. Idan ɗan wasa ya yi laifi alhali faifai yana hannun waɗanda aka yi wa laifin, alƙali ba ya hura usur nan take. Yakan ɗaga hannu ya bar wasa ya ci gaba har sai masu laifin sun mallaki faifan. A wannan ɗan lokaci masu laifin ba su da hanyar bugawa su ci, tunda da zarar sun kama faifan za a tsayar da wasa. Saboda haka ɗaya ƙungiyar takan janye golanta ta sa ƙarin ɗan wasa, ta bar raga a buɗe. Abin lura shi ne taɓawa dabam, mallaka dabam: idan faifai ya bugi golan masu laifi ya dawo, ba a tsayar da wasa.

Ranar 28 ga Nuwamba, 1979, a birnin Denver na Amurka, New York Islanders suna karawa da Colorado Rockies. Alƙali ya ɗaga hannu a kan Islanders, Colorado ta janye golanta. Aka buga faifai ya bugi ƙirjin golan Islanders, Billy Smith, ya tafi kusurwa. Rob Ramage na Colorado ya ɗauke shi ya miƙa baya, yana zaton akwai abokinsa a wurin. Babu kowa. Faifan ya sulale tsawon fili ya shiga ragar Colorado da ba mai tsaro. Wanda ya taɓa shi a ƙarshe daga Islanders shi ne Billy Smith, don haka ya zama gola na farko da aka rubuta wa ci a tarihin NHL, alhali tarewa kawai ya yi. Golan da ya fara ci ta hanyar bugawa da sandarsa kai tsaye shi ne Ron Hextall na Philadelphia Flyers, ranar 8 ga Disamba, 1987, shekara 8 bayan wancan.

Martin Brodeur, golan New Jersey Devils, yana da ci 3 a littafin gasar, a 1997 da 2000 da 2013. Na farkon ne kaɗai ya buga da kansa. Sauran biyun abokan karawa ne suka tura ragarsu, ya kasance shi ne na ƙarshen taɓawa. A jerin alkaluma duka ukun kamanninsu ɗaya.

Kwatanci da Ƙwallon Ƙafa

A ƙwallon ƙafa abin da aka saba bi shi ne a tambaya: da ba a taɓa ƙwallon ba, shin raga ta nufa? Idan raga ta nufa, akan ba wanda ya buga. Idan waje ta nufa, ɗan baya ko gola ya karkato da ita, akan rubuta cin gida. Wannan hanya tana ƙoƙarin gano wanda ya jawo cin, amma tana buƙatar a yi hukunci a kan abin da bai faru ba, kuma mutum biyu na iya kallon hoto ɗaya su saɓa. Shi ya sa gasar Firimiya ta Ingila take da kwamiti na musamman mai warware irin wannan taƙaddama.

Masu tunawa da gasar cin kofin duniya ta 1998 a Faransa suna da misali a hannu. Ranar 13 ga Yuni, a birnin Nantes, Nijeriya ta doke Sifen 3 da 2. Ci na biyu ya samu ne lokacin da Garba Lawal ya bugo ƙwallo daga gefen hagu, golan Sifen Andoni Zubizarreta ya sa hannu ta shige ragarsa. Har yanzu akan ga wasu rubuce-rubuce sun ba Lawal wannan ci, wasu kuma sun ce gola ne ya ci gida. Da a hokin ƙanƙara ne, da babu gardama: Lawal ne na ƙarshen taɓawa daga masu kai hari, na Lawal ne.

Darasi ga Ɗalibin Kimiyya

Tambayar da magatakardan hoki ke amsawa ita ce wa ya taɓa faifai a ƙarshe. Tambaya ce da ido da bidiyo ke iya amsawa, kuma magatakarda biyu a garuruwa biyu za su ba da amsa ɗaya. Ba ya tambayar wa ya yi nufi, ko wa ke da laifi, domin waɗannan ba a ganin su a hoto. Ribar wannan tsari ita ce kowane ci yana da mai shi, kuma idan aka tara cin 'yan wasan ƙungiya a wasa ɗaya galibi zai yi daidai da abin da ke kan allo. Hasararsa kuwa ita ce wani lokaci yana ba mutum abin da bai yi aikinsa ba, kamar Berezan da Billy Smith.

Ɗalibin ilmin halittu yana yin irin wannan zaɓi a ɗakin gwaji. Idan ana ƙirga ƙwayoyin jini a ƙarƙashin madubin ƙara girma, akan zuba digon jinin da aka tsarma a kan gilashi mai zanen ƙananan murabba'ai. Wasu ƙwayoyin sukan faɗa daidai kan layi, rabi a wannan gida rabi a wancan. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce a ƙirga waɗanda suka taɓa layin sama da na hagu, a bar waɗanda suka taɓa na ƙasa da na dama. Babu wani abu a halittar ƙwayar da ya sa layin hagu ya fi na dama. An zaɓi hakan ne domin kada a ƙirga ƙwaya ɗaya sau biyu, kada kuma a tsallake ta, domin kuma ɗalibai biyu su sami adadi ɗaya. Haka ake yi idan ana ƙirga tsirrai a cikin firam mai faɗin mita ɗaya da aka ajiye a fili.

Daga nan abu biyu suka fito. Na ɗaya, ana tsayar da ƙa'idar ƙirga tun kafin a fara ƙirgar, a kuma bi ta ko da sakamakonta ya zo da abin mamaki. Na biyu, duk wanda aka ba alkalami ya fara tambayar yadda aka ƙirga shi kafin ya gina hukunci a kansa. Wanda ya ga ci 3 a gaban sunan Brodeur bai san ƙa'idar ba, zai ɗauka sau 3 ya buga ya ci.

Aikin Aji

Malami na iya auna lokacin martanin ɗalibansa da rula mai santimita 30. Ɗalibi ɗaya ya riƙe rular a tsaye ta saman kanta. Na biyu ya buɗe babban yatsa da manuniya daidai wajen sifili ba tare da ya taɓa ta ba. Na farko ya sake ta ba da sanarwa ba, na biyu ya cafke. A karanta santimitar da rular ta faɗi kafin a cafke ta. Faɗuwar santimita 5 tana daidai da kimanin sakan 0.10, santimita 11 sakan 0.15, santimita 20 sakan 0.20, santimita 30 kuwa kusan sakan 0.25. A maimaita sau 10 a fitar da matsakaici. Kafin a fara, ajin ya amince da ƙa'ida ɗaya: shin a saman yatsa za a karanta ko a ƙasansa?

Tambayoyi

1. Faifai yana gudun mita 30 a sakan. Mita nawa zai ci a cikin lokacin martanin da ɗalibi ya samu a gwajin rula?

2. Ɗan wasa na farko ya miƙa wa na biyu, na biyu ya buga, faifan ya bugi takalmin ɗan bayan abokan karawa ya shiga raga. Wa za a rubuta wa ci, wa kuma za a ba taimako?

3. Idan da ɗan bayan ya tsayar da faifan ne da sandarsa, sa'an nan ya tura shi ragarsu, me zai sauya a amsar tambaya ta 2?

4. A lissafa matakan da saƙo ke bi daga ido zuwa tsoka, a kuma faɗi inda ya fi ɓata lokaci.

Kammalawa

An ga cewa a hokin ƙanƙara ba a rubuta cin gida da sunan wanda ya yi shi. Ana ba abokin karawar da ya taɓa faifai a ƙarshe, tare da taimako idan karo ne, ba tare da taimako ba idan faifan ya riga ya shiga hannun masu tsaro. An kuma ga cewa gudun faifai ya kan wuce abin da ido da jijiya da tsoka ke iya cim ma, wanda ya sa mafi yawan irin wannan ci tsautsayi ne. Ƙa'idar ta zaɓi abin da ake iya gani a tabbatar, ta kuma karɓi 'yan sakamakon ban mamaki da ke biyo baya. Ɗalibin da zai ƙirga ƙwayoyin jini ko tsirrai a fili yana da irin wannan zaɓi a gabansa, kuma wajibi ne ya rubuta ƙa'idar da ya bi a gefen alkaluman da ya samu.